Makullai Bakwai a Ƙugun Gwaggo

"Ɗari da casa'in," in ji Nas, tana kwance abin awon jini daga damtsen Gwaggo. "Gwaggo, wannan ba lambar wasa ba ce. Kina shan maganin kuwa?"

"Ina sha, in na tuna."

"To ki riƙa tunawa. Ki rage gishiri, ki samu ki riƙa kwanciya da rana ko na awa ɗaya ne. Babban abu kuma, ki cire damuwa a ranki. Me kika rasa? Ɗanki yana kula da ke, ba ki da ƙananan yara, ba ki da miji balle ya ɗaga miki hankali. Ki saki jikinki ki huta."

Ina zaune a bakin ƙofata kan keken ɗinki, ina jin su. Har na fara cewa a raina yarinyar nan ta yi magana mai kyau. Ta naɗe kayanta, ta duba agogo, ta nufi ƙofar gida. Sai ga ta ta dawo da sauri, ta miƙa wa Gwaggo makullin ɗakinta.

"Af, na manta. In ruwa ya zo ki tara mini a babban baho. Na jiƙa fararen kaya, kar su wuce azahar a ruwa. Kuma ban tabbata na zare dutsen guga ba, don Allah ki leƙa."

Na ɗaga ƙafa daga keke. "Nas! Zo nan. Da wane baki kika ce ta cire damuwa yanzu-yanzu?"

"Anti Tela, wallahi na makara."

"Ki makara ɗin. Kin auna ta kin ga ɗari da casa'in, sannan kin ɗora mata baho da dutsen guga. So kike ki dawo ki tarar da ɗari biyu?"

Dariya ta yi, ta ɗauka wasa nake, ta fice abinta. Gwaggo kuwa har ta ɗaura makullin a igiyar ƙugunta, ta miƙe tana dafa bango, za ta je duba dutsen guga.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki takwas sun zagaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya uku. Gwaggo ta riga kowa zama a ciki. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka babba da yaro ke kiranta, har mai gidan in ya zo. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni da shekara shida kuma ɗakinta na jikin nawa. Mijinta ya rasu tun kafin in tare, ɗanta ɗaya tilo yana aiki a wani gari mai nisa.

Kowane ɗaki a gidan makulli ɗaya gare shi, sauran sun ɓace tun zamanin masu hayar da. Mai yankan makulli yana nan ƙarshen layinmu a ƙarƙashin laima, yana hamma daga safe zuwa yamma, amma cikin shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taka ƙafa ya je wurinsa. Don me za a je, ga Gwaggo? Miji ya fita da sassafe, mata ta kulle ta bi bayansa, yara su dawo daga makaranta ƙarfe biyu, kowa ya san inda zai tarar da makulli. In kana neman Gwaggo ba sai ka kira ba, ka saurara kawai, za ka ji ƙacau-ƙacau daga inda take.

Kuma makulli ba ya zuwa shi kaɗai, da saƙonsa yake zuwa. In an kawo wuta a sa mini fitila a caji. In hadari ya haɗo a kwashe mini shanya. In mai gas ya zo a buɗe masa, a tsaya a kansa. In yara sun dawo kar su kunna talabijin sai sun ci abinci. Gwaggo ba ta karatu, saboda haka duk a ka take ajiye su. Makullan ma ƙyalle ta ɗaura wa kowanne don ta gane: ja na Direba, fari na Nas, mai ɗigo-ɗigo na Malama, har guda bakwai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙyallayen nan daga ƙarƙashin kekena suka fito, ni na yanka mata su da almakashina, kuma shuɗin nawa ne, don ni ma in zan shiga kasuwa sayen zare ita nake bar wa.

Ni dai ba wanda ke ba ni ajiyar ko allura, duk da nan nake wuni a ƙofar ɗaki. Sun san bakina. Malama ta taɓa gwadawa sau ɗaya, na ce mata to, amma in barci ya ɗauke ni yaranta su kwana a waje. Ba ta ƙara ba.

Ranar, bayan ta dawo daga ɗakin Nas, Gwaggo ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da ni tana haki.

"A zare yake," ta ce. "Kullum a zare yake. Amma in ban leƙa ba, wuni zan yi ina jin ƙaurin hayaƙi a hancina."

"Yaya, yaushe rabonki da asibiti?"

"Sun ba ni rana sau uku. Ta farko mai gyaran famfo ne zai zo ɗakin Malama. Ta biyu matar Direba ta tafi garinsu, shi kuma bai san ƙarfe nawa zai shigo ba. Ta uku na manta abin da ya faru, amma dai akwai dalili."

"Su kashe ki su huta."

"Kai Tela, bakinki. Ai mutane ba su yarda da kowa ba sai wanda suka ga amana a wurinsa." Ta murza goshi. "Ni ba wani abu nake so ba. Barcin rana kawai nake marmari, irin wanda za ka kwanta ka san ba mai buga maka ƙofa. Ko na kwanta kunnena yana ƙofar gida. In iska ta motsa ta, sai in ji gabana ya faɗi, in ce wane ne ya dawo, na wa zan kwance."

Ba ta rufe baki ba wayarta ta yi ƙara. Ɗanta ne. Wayar irin mai ƙarar nan ce, duk abin da ya faɗa a kunnena.

"Mama, Nas ta turo mini saƙo wai jininki ya hau. Damuwar me kike yi ne don Allah? Me kika nema ban yi miki ba? Ki riƙa jan numfashi a hankali kina saki, sau goma, na ga ana cewa yana taimakawa. Ki daina sa komai a ranki."

"To, Allah ya yi maka albarka."

"Amin. Yauwa, akwai abokina da zai kawo wasu kwalaye ranar Laraba ko Alhamis, ki ajiye mini a ƙarƙashin gado. Kar ki fita, don ba shi da lambar kowa a nan."

Ranar Laraba ce ranarta ta huɗu a asibiti. Na ce mata ko kwalayen zinariya ne sai ta je. Da safe na rufe kekena da zane, na tsaya a kanta har ta sa mayafi, na tare mana mota. Mutanen gida sun riga sun ba ta makullansu kamar kullum, ba wanda ya tambayi ina za ta da mayafi. Na ce ta tafi da su.

A layin ganin likita ta kasa zama wuri ɗaya. Ta tambaye ni ƙarfe nawa ya fi sau goma. Wajen sha biyu wayarta ta fara ihu, Direba ne, ya dawo ya tarar da ɗakinsa a kulle. Ina jinsa yana cewa, "Gwaggo, ina kika shiga ne ba ki faɗa wa mutane ba? Tun jiya nake kan hanya!" Ta miƙe tana gyara mayafi, wai mu tafi, ta dawo wani makon. Na karɓe wayar na kashe, na jefa a jakata, na danna ta kan benci. Wata mata da ke kusa da mu ta ce, "Baiwar Allah, a hankali, ba ta da lafiya." Na ce ai shi ya sa.

Likitan dattijo ne mai sanƙo, ba ya gaggawa. Ya auna ta sau biyu, ya dube ta ta saman tabarau.

"Mama, akwai abin da ke damunki a gida?"

"Babu komai, likita. Alhamdu lillahi."

Na kai hannu ƙugunta na kwance igiyar, na zube masa makullan a kan tebur, har da ƙyallayensu. "Ga abin da ke damunta. Bakwai ne, ka ƙirga."

Na ba shi labari tun daga dutsen guga har kwalaye. Ya yi murmushi da farko, daga baya ya daina. Ya canza mata magani, ya ce ta dawo bayan mako biyu, ya ce hutu a wurinta yanzu magani ne kamar ƙwayar da ya rubuta. Sannan ya juyo gare ni ya ce in ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko hannu ya mutu mata, ko magana ta karkace, a kawo ta nan take, kar a jira. Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Daga asibiti ban bi da mu gida ba sai da na tsaya wurin mai laima. Ya yanka wa kowane makulli 'yan'uwa biyu. Da yamma, da kowa ya dawo, na tsaya a tsakar gida na buga murfin tukunya da cokali har suka fito.

"Kowa ya zo ya karɓi nasa. Uku-uku ne. Miji ɗaya, mata ɗaya, babban yaro ɗaya a rataya masa a wuya. Daga yau Gwaggo ta ajiye aiki."

Direba ya fito daga shi sai singileti, har yanzu yana huci kan awa ukun da ya yi a bakin ƙofa. "Ita ta ce ta gaji, ko ke kika gaji mata?"

"Likita ne ya ce."

"Gwaggo, ke kika ce mun dame ki?"

Gwaggo tana tsaye a ƙofar ɗakinta, kamar ta nutse don kunya. "Ni ban ce ba, ɗan nan. Ai ku 'ya'yana ne."

"Kun ji ko? Shiga sharo ba shanu kawai. Makulli nawa ne nauyinsa? Mu da muke gaya mata kullum ta daina damuwa, ita ce ba ta ji."

"Kai ne kake gaya mata?" na ce. "Kai da ka kira ta tana layin likita kana mata tsawa kamar yaron motarka? Karɓi nan, kafin in faɗi abin da zai sa matarka ta kasa haɗa ido da ni."

Malama ta karɓi nata da yatsa biyu, ta ce ita dai ba ta saba rataya wa yara makulli a wuya kamar awaki ba. Nas ta karɓa ta shige ɗaki, na ga alamar maganar ta shige ta. Nawa shuɗin na kwance da kaina na cusa a aljihun keke.

Na ɗauka shi ke nan, an gama. Ashe sabo turken wawa. Washegari kowa ya kulle ɗakinsa ya fice da makullinsa, wasu ko gaishe ta ba su yi ba, don su nuna fushi. Gwaggo ta wuni tana kai da komo a tsakar gida, hannunta na zuwa ƙugu yana dawowa wayam. Da azahar hadari ya ɗan taso, ina juya baya na tarar ta kwashe shanyar gidan kaf, ta ninke, ta jera a bakin kowace ƙofa. Ran Juma'a abokin ɗanta ya kawo kwalayen, ita ta ja su da kanta har ƙarƙashin gado kafin in dawo daga banɗaki.

"Yaya, so kike in ɗaure ki a jikin keke?"

"Tela, kin karɓe makullan, amma ƙofofin suna nan a kaina. Yanzu ma na fi damuwa, don ko na ji ƙauri ba ni da abin buɗewa. Ga shi kuma Malama ta daina yi mini magana."

"Ta daina. Maganar tata me take ƙara miki?"

"Ke ba kya jin komai in mutum yana fushi da ke?"

"Ina ji mana. Ina jin daɗi, don ya rage zuwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan na ɗauko mata aiki, ba don ina bukata ba: tsinke tsohon ɗinki da reza, zare bayan zare, abin da hannu ke yi kai ya huta. Muka riƙa fita da safe mu taka zuwa ƙarshen layi mu dawo. Ranar farko ta waiwaya gida sau biyar. Ran Lahadi sau ɗaya ta waiwaya, ta tsaya ma tana taya mai laima hira. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana layin nan ba ta san an buɗe shagon takalma a kwana ba.

Ran Litinin yaran Malama suka dawo, babbar ta ciro makulli daga wuya ta buɗe da kanta, suka shige. Gwaggo tana kallonsu daga inda take zaune.

"Kin ga," ta ce a hankali, "ashe suna iyawa."

"Tun shekara nawa suke iyawa."

Na ga abin ya ɗan sosa mata rai, kuma na ga kafaɗunta sun sauka. Duka biyun a lokaci ɗaya. Da yamma Direba ya shigo ya gaishe ta, ya ajiye mata lemo a leda, bai dubi inda nake ba.

Ran Talata, bayan azahar, ta ajiye rezar ta yi miƙa.

"Tela, yau kaina shiru. Tun safe ban tuna da ɗakin kowa ba." Ta shafa ƙeya. "Ya ɗan yi mini nauyi dai ta nan baya. Ina jin barcin nan ne ya zo karɓar hakkinsa. Bari in kwanta."

"Je ki kwanta. Wanda ya taɓa ƙofar nan sai ya bi ta kaina."

Nauyi ta ce, ba ciwo ba. Na sha juya kalmar nan a raina. Da ta ce ciwo, ina jin da na tuna da dattijon likita. Amma nauyi ta ce, tana murmushi, tana hamma, ni kuma daɗi ya cika ni kamar ni aka yi wa kyauta. Ta shiga ta saki labule, ta tura ƙofa. Na jawo kujerata na dasa a bakin ƙofar tata. Keken ma na ƙi taka shi don kar ƙararsa ta tashe ta, na ɗauko wata riga ina kalmasa da hannu.

Ƙarfe biyu yara suka shigo da hayaniya, na zare musu ido ɗaya, suka bi bango a kan yatsun ƙafa. Matar Direba ta zo aron turmi, na ce ta daka da goshinta. Mai gas ya buga ƙofar gida, na tare shi tun daga waje. Ina jin kaina kamar soja.

Wajen uku da rabi Nas ta dawo daga aiki, da kayan aikinta a jiki. Ba ta shiga ɗakinta ba, ta nufo ni da abin awon jini a hannu.

"Anti Tela, sannu da gida. Gwaggo na ciki? Na ce bari in auna ta, kusan mako guda ke nan da sabon magani."

"Barci take."

"Minti biyu kawai. Ba sai ta tashi zaune ba ma."

"Ko rabin minti. Shekara goma sha ɗaya kuna tashinta, yau ɗaya da ta samu ta runtsa za ki zo ki matse mata hannu? Ki dawo bayan magariba."

"Anti, na san na yi laifi ranar nan. Gyarawa na zo yi."

"In gyara kike so, ki tafi a hankali, takalminki na ƙara."

Ta dubi ƙofar, ta dube ni. Sannan ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta tafi ɗakinta.

Bayan kwana biyar da rasuwar Gwaggo na sami Nas ita kaɗai a bakin famfo, na tambaye ta. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, da na bar ta ta shiga a lokacin, da an samu Gwaggo da rai?  Ta ce, "Anti, ban sani ba. Mai yiwuwa ta riga ta tafi tun ƙarfe biyu. Mai yiwuwa kuma da saura. Ba zan yi miki ƙarya ta kowane ɓangare ba." Na so ta yi mini ƙaryar. Ita kaɗai ce a gidan nan ban ji haushinta ba daga baya.

Sauran kuwa, Allah ya ba ni haƙuri. Ina zaune cikin masu gaisuwa ina jin Malama tana ba baƙi labari: "Damuwa ce ta kashe ta. Mun yi faɗan har mun gaji, Gwaggo ki saki ranki, Gwaggo ki huta, ba ta ji." Direba ya ce shi a ganinsa raba ta da makullan ne ya karya ta, mutum ya saba da hidima a zo a zaunar da shi rana ɗaya. Ɗanta ya iso washegari, ya yi kuka na gaskiya, ban hana shi ba, yana ta cewa, "Me ta rasa? Me ya dame ta haka?" Kafin ya koma sai da ya tambaya ko kwalayensa sun iso. Ba wanda ya ce, mu ne. Ni ma ban tashi na ce ni ce ba. Na zauna ina cizon leɓe, ina jin haushinsu, ina jin haushin kaina fiye da nasu, har yau kuma ban san wanne ne daidai ba.

Amma a ranar Talatar ban san komai ba. Ina zaune ina kalmasa, ina jin daɗi. Aka kira la'asar ba ta fito alwala ba, na ce a raina bari ta ƙara kaɗan, Allah ya san gajiyarta. Rana ta sauka daga kan bango, inuwa ta rufe famfo. Na gama rigar, na cije zaren, na duba agogo, biyar saura. Sai na haɗa mata shayi, na ɗaga labulen a hankali na tura ƙofar.

"Yaya, tashi haka nan, kin rama na shekara guda. Ga shayi."

Ɗakin da sanyi, ta rufe taga. Tana kwance a gefen dama, ta juya wa ƙofa baya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta cire ɗankwali ta ninke a kan kujera, ta zare 'yan kunne ta sa a cikin murfin kwalba. Hannunta ɗaya a ƙarƙashin kunci. Na ajiye kofin na zagaya ta gabanta. Fuskarta a sake, goshin nan da kullum yake a tattare ya miƙe sumul.

"Yaya."

Na taɓa hannunta, na ji abin da na ji. Na zauna a bakin gadon. Na sunkuya zan kira ta a kunne, sai na ga fari-fari a ciki. Auduga ce. Ta mulmula ta ƙanana, ta toshe kunnuwanta duka biyu kafin ta kwanta.

Na zare ɗaya, na kira ta sau uku. A waje wani yana buga ƙofar gida da ƙarfi, yana sallama, yana tambaya ko akwai mutane. Na gyara mata matashi, na mayar mata da audugar.